Ranar da Teku Ya Zo Garin Wada

Allah ya yi wa ƙasar Gobir baiwa da dama, amma babu kamar Malam Kalilu, Sakataren Kwamitin Ceton Rijiyoyi. Wasu garuruwa da malamai suke alfahari, wasu da 'yan kokawa. Garin Wada kuwa, can tsakanin Gangara da Tsamaye, da mutumin da ya ga teku yake taƙama. Ya gan shi mana, wa ya isa ya ƙaryata? Ta tagar bas, a kan gada, yana dafe da hularsa.

A shekara ta biyu ta farin nan ne, da gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, wata ƙungiya ta tura shi Ikko taron kwana uku kan tsabtar ruwa. Ya tafi yana Kalilu ɗan Abu mai facin keke. Ya dawo da jaka mai zif, da satifiket, da cokalin shayi soke a aljihun gaba, inda sauran ma'aikata ke sa biro. Kafin sati mata sun raɗa masa Dokta Cokali. Da sunan ya kai kunnensa sai ya riƙe rabin farko, ya yar da na biyun.

Ko gaisuwar mutuwa ya je, sai ya zaro cokalin nan.

"Jama'a, in anka ɗebo ruwan teku cikin wanga cokali, akwai ƙwayoyin da ake kira bairos miliyan bisa miliyan. Na ruwan sanyi daban, na ruwan ɗumi daban, na can ƙasa inda rana ba ta kai daban. Su faɗa ma ƙananan ƙwayoyi, su fasa su, abin cikinsu shi zama abincin wasu. Haka teku ke tafiyad da mulkinai. Ku kam kifin rijiya ne, ina za ku gane."

A yi masa adalci, malamar da ta yi musu darasi ta faɗi haka. Sai dai ta ci gaba da cewa kowane bairos da irin ƙwayar da yake kamawa, kowace ƙwarya da abokiyar burminta. Wannan rabin bai riski Dokta ba, ya fita ɗaukar hoto. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, shi kuwa ya rataya nasa kamar lambar girma.

Safiyatu mai ƙosai ba ta da lokacin teku. Rijiya uku ce a garin, biyu zartsi ne: wake ya yini a kan wuta bai nuna ba, sabulu ya ƙi kumfa, jaki ya sansana ya kau da kai. Ta ukun, Rijiyar Daɗi, ita ce ran gari, ita ma ta ja baya har sai an haɗa igiya biyu. Mata kan ajiye duwatsu su kama layi, kowace guga biyu, rabinsa laka. Yara sai gudawa suke. Abin da ake bukata ko akuya ta san shi: masu yasa su shiga su ƙara mata zurfi, a sa zobban siminti shida. Ƙungiya ta yarda ta bayar. Takardar tana cikin jaka mai zif, sa hannun Sakatare kawai take jira.

Sau uku Safiyatu tana zuwa ofishinsa. Ta tarar da shi ƙarƙashin fankar da ba ta taɓa juyawa ba, ta durƙusa ta yi ranka shi daɗe, ya zaro cokali. A zuwa na uku ta tambaye shi ko bairos ɗin nan sun iya yasar rijiya. Ya ce wannan tambaya ita ce ainihin abin da ya hana Afirka ci gaba.

Sai ga sanƙira yana shela: ranar Talata da hantsi za a yi Bikin Ƙaddamar da Teku. Ashe Dokta ya yi magana da Lawwali direba, wanda ke kai ramammun shanu Ikko ya dawo da mota wayam, ya taho masa da duro biyu na ruwan teku. Za a juye su cikin Rijiyar Daɗi, sojojin teku su cinye ƙwayoyin gudawa, a huta da siminti da ƙauyanci.

Safiyatu ba ta je taron Ikko ba, amma ta san ruwan da ya rage a gindin rijiyar bai cika duro guda ba, ta kuma ji daga bakin alhazai cewa teku gishiri ne. Ta je wa mai gari, ya ce mai takarda ya fi su sani. Sai ta nufi gidan Inno, tsohuwar da mijinta ya gina rijiyar, wadda kuma a ɗakinta aka yaye Kalilu. Inno ta saurara har ƙarshe tana ɓarar gyaɗa. Abin da ta ce kawai, a wanke mata babbar ƙwaryarta.

Talata ta yi. An kafa rumfa, an kawo kujera guda ɗaya tak mai hannu, kowa ya san ta wa ce. Dokta ya fito da babbar riga mai aska takwas, ya yi jawabi har inuwa ta gudu ƙarƙashin ƙafafu. Ya ce tarihi zai rubuta cewa shi ne ya aurar da teku ga Gobir. Aka gangaro da duro bakin rijiya.

Inno ta taso da sandarta. Ba ta ce Dokta ba, ba ta ce Sakatare ba.

"Kalilu, kai ka san ƙa'idar rijiyag ga. Duk mai zuba mata wani abu, shi ka fara shan ƙwarya guda gaban jama'a. Ubanka da ya sa mata alif don laka ta kwanta, sai da ya sha."

Dokta ya yi murmushin manya, ya ce kimiyya ta wuce nan.

"To ba ka yarda da abin naka ba ke nan?"

Lawwali direba ya yi gyaran murya zai ce wani abu, Dokta ya ɗaga masa hannu, ba a katse masana. Ya zaro cokali ya ce zai ɗanɗana. Inno ta ce ƙwarya. Safiyatu ce ta cika ta har baki, ta miƙa da hannu biyu, da ladabin da ba ta taɓa yi wa kowa irinsa ba.

Ya kafa kai. A kurɓin farko idanunsa suka kawo ruwa, wanda shi ne ruwa na farko da kwamitinsa ya samar a garin. Ya ɗago ya ce ma sha Allah, akwai sinadari. Inno ta ce saura. Ya shanye yana rawar gemu.

Sai a lokacin Lawwali ya samu faɗin tasa. Ya ce shi fa bai kai bakin teku ba, hanya ta cushe. A bayan karar shanu ya ɗebo, wani ruwa baƙi-baƙi inda ake wanke motoci, mutanen wurin sun ce masa duk can yake gangarawa.

Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Cikin Dokta ya yi wata ƙara da har na bayan rumfa suka ji. Ya tattare aska takwas ya nufi bayan gari da saurin da ba a san manya da shi ba. Sai dai fari bai bar ko ganyen kalgo da zai rufa wa bawa asiri ba.

Kafin ya dawo mata sun tuntsurar da ruwan a kwazazzabo, suna dirje duro da toka, don ajiyar ruwa. Ya iso leɓe a bushe, harshe kamar kilishi, ya roƙi ruwa da muryar Kalilu ɗan Abu. Safiyatu ta ɗebo moɗa daga guganta, ta riƙe a inda zai gani.

"Ranka shi daɗe, takarda tukuna."

Ya zuge jaka, ya fito da ita. Ya laluba aljihun gaba zai ciro biro, sai cokali. Duk taron nan ba mai biro, ai kifin rijiya ne. Safiyatu ta aika aka ɗauko kaskon ƙosanta, ta kifa shi a gabansa.

Zobba shida sun iso kafin sati biyu, masu yasa suka shiga, ruwa ya dawo. Takardar kuwa, an ce ta zaga daga Sabon Birni har Isa ana kallo. A ƙasa an buga da keken rubutu, Dokta Kalilu Abubakar, Masanin Teku. A gefensa dangwalen babban yatsa, da baƙin kasko.