Wa Ya San Gidan Injiniya?

Wani mutum ne a Funtuwa, sunansa Sallau. Shi dai in ka tambaye shi suna, sai ya gyara zaman hula tukuna ya ce maka Alhaji Sallau Injiniya. Injiniyancin kuwa bai wuce wata shekara da ya yi yana riƙe wa masu aikin titi jar tuta yana tsayar da motoci ba. Tun daga nan bai ƙara fita ba sai da biro uku a aljihun gaba. In an zauna majalisa gindin dalbejiya bayan la'asar, duk wata gada da ke tsakanin Funtuwa da Zariya sai ka ji da hannunsa a ciki.

Matarsa Lantana waina take soyawa a zaure kullum safiya, ga miyar taushe, mutane har layi suke yi. Ga wanki kuma ba ya ƙarewa a gidan, domin jikoki biyar take riƙo. Abin da ke rufa mata asiri wani tsohon injin wanki ne da surukinsu ya kawo musu.

Ran nan injin ya fara kuka, gwaram-gwaram, yana tsalle kamar ɗan maraƙi. Lantana ta ce a kira mai gyara. Sallau ya ce abin kunya ne a ji an kira mai gyara gidan injiniya. Ya ari sukudireba da filaya, ya kwance injin nan kaf, ya shimfiɗa kayan cikinsa a tabarma kamar mahauci ya feɗe sa. Da ya mayar, sai ga noti shida sun yi saura. Ya ce dama masu ƙera shi ne suka yi almubazzaranci. Aka kawo wuta, ya jona. Injin ya ce tas, ya ce fuuu, tsakar gida ta turnuƙe da hayaƙi. Shi ke nan, ya riga mu gidan gaskiya.

Lantana ba ta yi faɗa ba. Ta jawo baho da bokiti da ƙullin omo ta dire a gabansa.

“Injiniya, wanda ya kashe jaki shi ke ɗaukar kayan jakin. Sai ranar da sabo ya shigo gidan nan.”

Washegari ya wanke zannuwan gado uku da kayan makarantar jikoki, bayansa ya riƙe, ya tabbata zancen ba na wasa ba ne. Abin da ya fi cin ransa ma kada 'yan majalisa su ji. Don haka kwana biyu tsakani ya zuba babbar riga ya hau mota sai Kano.

A wani kantin kayan lantarki ya nuna injin wankin da ya fi kowanne girma. Mai kanti ya ce motarsu za ta kai masa har gida ran Talata, ya ɗauko takarda ya nemi kwatance: sunan unguwa, layi na nawa, wane masallaci ne kusa. Sallau ya duba ya ga masu sayayya sun kasa kunne. Ya yi dariya irin ta manya.

“Rubuta gidan Alhaji Sallau Injiniya, Funtuwa. Ko akuya direbanku ya tambaya za ta kai shi.”

Mai kanti ya ce ko da layin ne dai a ƙara. Sallau ya ce raini ne. Abin da ya yarda a ƙara kawai shi ne kada motar ta iso sai bayan la'asar, kuma direba ya danna oda sau uku. Ka san dalili, lokacin majalisa ta cika.

Kafin Talata babu wanda bai ji labarin injin ba. Yana wanki, yana ɗauraya, yana matsewa, yana busarwa. Ran Lahadi ya fara guga. Ran Litinin har magana yake yi in ya gama. Mamuda tela, wanda tun suna yara yake tsokanar Sallau, ya tambaya ko yana kai yara makaranta. Sallau ya ce hassada ga mai rabo taki ce.

Talata bayan la'asar ya zauna a tsakiyar benci yana fuskantar titi. Can waya ta yi ƙara. Ya buɗe murya yadda kowa zai ji, ya ɗora ta a gwiwa. Direban ne, wai shi Bawa. Ya ce tun hantsi yake garin, ya tambaya a tasha, ya tambayi 'yan acaɓa, ya tambayi masu shayi, babu wanda ya san wani Alhaji Sallau Injiniya. An kai shi wurin wani injiniya mai gyaran injin markaɗe, an kai shi wurin wani Sallau mai sayar da kaji, har ya kusa sauke wa mai kajin kaya.

Mamuda ya duƙar da kai yana ta kakkaɓe wani zare da babu shi a rigarsa.

Sallau ya ce laifin direba ne da yake tambayar ƙananan mutane, ya je ya tambayi manyan gari. Bawa ya ce shi bai san inda ake ajiye manyan gari ba, a dai gaya masa wani shago ko wani sanannen gida da ke kusa. Nan fa ake yin ta. Sanannen wuri ɗaya ne a layin, Sallau ya san shi, kowa a bencin ya san shi, zauren waina ne. Amma a ce a gaban jama'a ya kwatanta gidansa da tandar matarsa? Gara ya haɗiye biro ukun nan. Mamuda ya ce to ya hau acaɓa ya taro su a tasha mana. Sallau ya ce babba ba ya taryen kaya, kaya ke zuwa su same shi.

Bawa ya ce to madalla, shi yana da firji biyu da zai kai Gusau, sai ya juyo ran Asabar. Ƙit, ya kashe waya.

Kwana huɗu Sallau yana durƙushe gaban baho. Lantana kuwa sai ta tuna da labulayen da ba a wanke ba tun babbar salla, da barguna, da tsummokaran goge tanda masu maiƙo. Hannunsa ya yi fari fat, yatsu suka yamushe kamar busasshiyar kuɓewa. Da aka tambaye shi a majalisa, ya ce ruwan batir ne, wani babban aiki yake yi a gida. Mamuda ya sunsuna iska ya ce ikon Allah, baturan zamani har ƙamshin omo suke yi.

Ran Asabar da hantsi Sallau ya lissafa cewa yana da sauran lokaci har la'asar. Ya tuɓe daga shi sai singileti, ya ɗaura tsohon zanen Lantana a ƙugu don kada wando ya jiƙe, ya soke waya a ƙullin zanen, ya hau cuɗa.

Bai san Bawa ya juyo da wuri ba, ya faka a ƙofar gidan ba tare da ya san nan ne gidan da yake nema ba, ya zauna a bencin zaure ya sayi waina. Yana ci yana ba mutane labarin wani mai cika baki da ya sa shi yawo da injin wanki har Gusau. Mamuda da mutum huɗu na majalisa suna wurin suna karyawa. Mamuda ya suɗe hannu ya ce ai an zo, nan ne gidan, kuma don zumunci su da kansu za su kama a shigar da kaya. Lantana ta ce bismilla, hanya a buɗe take.

Sallau dai sallama kawai ya ji, kafin ya amsa sai ga ƙaton kwali ya shigo tsakar gida da ƙafafu goma sha biyu. Aka dire. Aka dube shi. Kumfa har gwiwar hannu, ga ɗan kamfan jikansa a hannu yana ɗiga.

Bawa bai taɓa ganinsa ba, murya kawai ya sani. Ya zaro takarda.

“Sannu da aiki, Baba mai wanki. Yau dai an kashe maka kasuwa. Shiga ka kira mana Injiniya ya sa hannu.”

Sallau ya shaƙe murya ya ce Injiniya ya fita. Yana faɗa yana ƙifta wa Mamuda ido. Mamuda ya ce ƙwarai kuwa, ya fita duba wata gada, wannan mai wankin gidan ne, shekararsa talatin yana yi musu hidima. Sauran suka ce sun shaida.

Bawa ya ninke takarda. Ya ce dokar kantinsu, in wanda ya saya bai sa hannu ba, kaya Kano za su koma, kuma motar ba za ta sake biyowa ta nan ba sai bayan mako biyu. Ya ce a kama masa. Mamuda har da naɗe hannun riga. Kwali ya tashi sama ya nufi ƙofa.

Sallau ya dubi kwalin. Ya dubi tulin bargunan da ke jiransa. Mako biyu. Ya miƙe, zane na ɗigar ruwa.

“Ku ajiye. Ni ne.”

Bawa ya ce kai Baba, wannan ba abin wasa ba ne, kayan mutane ne. Ya ce bari ma ya kira mai kayan a ji. Ya danna lamba. Sai ga ƙugun Sallau ya ɗauki kiɗa, ƙullin zane yana rawa, zirrr, zirrr.

Mamuda ya zube a kan bokiti. Ɗaya daga cikinsu sai da aka bubbuga masa baya, waina ta sarƙe shi. Sallau ya laluba ƙirji, babu biro ko ɗaya, sai na direba ya ara, ya sa hannu takardar ta jiƙe.

Bawa ya juya zai fita sai ya ga Lantana tsaye a bakin zaure da cokalin juya waina. Ya tsaya yana kallonta.

“Hajiya, ba a nan na karya ran Talata ba? Ba ke na fara tambaya ba, injin yana bayan mota a ƙofar nan, kika ce ba ki san shi ba?”

Sallau ya ɗago kai a hankali.

Lantana ta ce, “Ɗan nan, injiniya ka tambaye ni. Da mai wanki ka ce, ai da na leƙa na kira maka shi.”