Yadda Za Ka Ciyar da Ɓarayin Intanet da Katinka na Banki

Idan kana da katin banki, da kuɗi a cikinsa, kuma kana so su bar hannunka ba tare da an tare ka a hanya ko an fasa maka ɗaki ba, to ka zo inda ya dace. Alkawari na yi maka: ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, cikin kwana arba'in aljihunka zai yi fes. Dabarar nan ba ta taɓa ƙin ci ba. Sau ɗaya aka gwada ta a gidanmu, ta kuwa ci har da ƙari.

Sunana Ishaku, direban kamyo ne ni, wato babbar motar kaya, a Birnin Ƙonni. Ilimin nan ba a ajin lakwal na same shi ba, a wurin yayana Mutari na gan shi da idona, a shekarar 2008. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana mota guda mu uku: babbar yayarmu Hawa'u da ke aure a Bazaga, da Mutari, da ni. Da motar nan muke ɗauko siminti daga Malbaza, da ita gida uku ke cin tuwo. Sai pampon gazuwal ɗinta, mai tura mai cikin inji, ya mutu. Dokar sandika kuwa, wato ƙungiyar masu motoci, a fili take: motar da ta yi kwana arba'in ba ta shiga layin lodi ba, a goge lambarta daga allo a ba wani. Lamba bakwai ce tamu, Baba ya riƙe ta shekara ashirin da biyu. Hawa'u ta sayar da awakinta da waken da ta ajiye, ni na sayar da babur ɗina, muka danƙa wa Mutari kuɗin pampo domin shi ne babban namiji. Ga yadda za ka yi koyi da shi.

Mataki na ɗaya: Ka raina abin da hannunka zai iya taɓawa

Akwai pampo a Sakkwato, a shagon Alhaji Ɗanjuma mai kayan gyara. Ka tashi da safe, ka ƙetare iyaka, ka ɗauki pampon ka jinjina shi, makaniki ya duba maka, ka dawo kafin la'asar. Kada ka kuskura ka yi haka. Wannan aikin mutanen da ne. Idan ƙanenka ya kawo maka zancen Sakkwato, ka kalle shi daga sama har ƙasa kamar yadda Mutari ya kalle ni, ka ce:

"Kai dai tuƙi ka iya, Ishaku. Wanga zamani daga Beljik aka sayen pampo, ta intanet, kana zaune."

Ka tabbata ba ka san inda Beljik take ba. Sanin wurin yana rage armashin maganar.

Mataki na biyu: Ka samo katin, ka nuna wa duniya

Ka hau mota zuwa Yamai, ka zuba kuɗin duka a banki, su ba ka kati. Ma'aikaciyar bankin za ta zaunar da kai ta yi maka bayani a hankali: lambobin gaban katin naka ne kai kaɗai, lambobi ukun da ke bayansa kada kowa ya gani, lambar sirri kuwa a ka ake ajiye ta, ba a takarda ba. Ka riƙa gyaɗa kai, amma kada ka bar maganar ta zauna. Yarinya ce, ba ta kai shekarun motarku ba, me za ta koya maka?

Da ka dawo Ƙonni, ka nufi teburin mai shayi na bakin tasha. Ka ciro katin kamar ba da gangan ba, ka bar shi ya zaga majalisa hannu zuwa hannu. Wanda bai iya karatu ba ka karanta masa. Mutari har mai shayi ya miƙa wa katin ya cire kuɗin kofi biyu, don dai a yi dariya a san ya shigo gari.

Mataki na uku: Fotokopi, gaba da baya

Nan ne zuciyar karatun, ka natsu.

Mu 'yan mota muna da ɗabi'a guda da muka gada: duk takarda mai daraja sai an yi mata fotokopi. Takardar mota, lasin, inshora, katin ɗan ƙasa, kowacce tana da kwafi uku ko huɗu. Na asali yana gida cikin akwati, kwafi yana mota saboda jandarma, wani yana aljihun direba. Baba haka ya yi, kuma bai taɓa kwana a shingen hanya ba. To katin banki ya fi waɗannan duka daraja, ko ba haka ba? Saboda haka ka kai shi wurin mai fotokopi na kusa da kasuwa, ka ce a buga gaba da baya, a ƙara girma don lambobin su fito raɗau.

Kwafi shida Mutari ya yi. Ɗaya a jakar takardun mota, ɗaya ya ba ni, ɗaya ya ba makaniki ajiya, sauran ni ma ban san inda suka shiga ba. A kan kowanne ya rubuta lambar sirrin da biro, gudun mantuwa. Har buro, ofishin hukuma, ya kai ɗaya a buga masa hatimi kamar yadda ake yi wa takardar haihuwa. Ma'aikacin, wani dattijo mai tabarau, ya duba takardar, ya duba Mutari, ya ce:

"Malam, wagga takarda ba hatimi taka so ba, ashana taka so. Tahi ka ƙone ta."

Idan aka gaya maka haka, ka yi fushi. Ka ce hassada ce ta ma'aikaci mai jiran albashi.

Kwafin da suka fito da duhu kuwa, ka bar wa mai shago a kwandon shara. Ba sa ɓata. Bayan kwana biyu na sayi ƙosai a bakin kasuwa, na buɗe ƙunshin, sai ga sunan yayana da lambobi goma sha shida suna ƙyalli da mai. Na kai masa takardar. Ya ce ai ɓarawo ba ya cin ƙosai a nan.

Mataki na huɗu: Ka yi cinikin a bainar jama'a

Ka je siba, wato shagon da ake biya a shiga intanet, a lokacin da ya fi cika. Tunda ba ka iya latsa ordinatar ba, kwamfuta ke nan, ka tsaya a bayan Mahaman mai shagon kana karanto masa lambobin da ƙarfi, irin muryar da ake kiran fasinja. Idan ya ce ka sassauta, ka maimaita masa daga farko, wataƙila bai ji ba ne.

Shaguna da yawa za su fito masu sayar da pampo. Ka zaɓi wanda ya fi kowa araha, wanda ya ce sabo fil a kuɗin da bai kai rabin na Sakkwato ba. Mahaman mutumin kirki ne, zai yi ƙoƙarin ɓata maka ciniki. Zai ce:

"Mutari, wanga shago ba ya da adireshi, ba ya da lambar talho. Ko ɗan kwaɗon da ka nuna shafi na da tsaro babu shi. Kuma arahar ta yi yawa. Ni dai ban yarda da shi ba."

Amsarka a shirye take: "Kai kuɗɗin awa ɗaya na biya ka, ba kuɗɗin wa'azi ba. Danna!"

Idan ka gama, kada ka bari a goge abin da aka rubuta a na'urar. Na bayanka ma ɗan'uwanka Musulmi ne.

Mataki na biyar: Duk wasiƙar da ta zo, ka amsa

Bayan mako guda saƙo zai iso, da Faransanci mai gurɗe-gurɗe, cewa pamponka ya iso Kwatano amma ya maƙale a dwan, wato kwastan, sai ka aiko da hoton katin da lambar sirri don a tabbatar kai ne. Banki ba ya tambayar wannan, ɗan kasuwar gaskiya ma ba ya tambaya. Amma ka ga amfanin shiri? Fotokopinka na aljihu, lambar ma a rubuce take. Mahaman ya rantse ba zai aika ba, Mutari ya tsallaka wani shagon aka aika masa.

Mataki na shida: Idan banki ya kira, ka tuna da mutuncinka

Wannan matakin shi ke raba gwani da ɗan koyo. Bankin da ke da ido zai ga abin da bai gane ba, ya kira ka. Mutari na zaune a majalisa, mutum goma sha, wayarsa ta yi ƙara. Ya ga lambar Yamai ce, ya buɗe muryar don kowa ya ji banki na nemansa. Ina wurin. Ma'aikaciyar nan ce dai, ta ce an sayi tikitin jirgi da takalma da wayoyi da katinsa a wata ƙasar Turai, shi ne ya saya? Idan ba shi ba ne ya faɗa yanzu ta rufe katin, a ceci abin da ya rage.

Kowa na kallon Mutari, mutumin da ake zargi da sayen tikitin jirgi a Turai. Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi. Na ce a raina, Yaya, ka ce a'a, kalma ɗaya ce. Ya gyara zaman hularsa ya ce:

"I, ni ne. Harkokina na. Ku bar kati shi yi aikinai."

Aka yi ta jinjina masa. Wani ma ya biya masa shayi. Ban taɓa jin haushin ɗan'uwana irin na ranar nan ba, kuma har yau bai sake ni ba.

Mataki na bakwai: Ka nemi mai laifi

Ranar da ka je cire kuɗi aka ce babu, kada ka dubi kanka. Ka ce Mahaman ne. Ka ce mai fotokopi ne. Ka ce sammu aka yi maka saboda an ga za ka ɗaukaka. Gaskiyar ita ce ba wanda zai taɓa sanin ta wace ƙofa aka shiga, domin ba ka bar ko ɗaya a rufe ba.

Mataki na takwas: Ka jira yayarka

Wannan ba sai ka yi komai ba, shi zai zo da kansa. A kwana na arba'in na je Malbaza a motar haya, na tsaya ina kallo sakataren sandika ya sa tsumma ya goge lamba bakwai, ya rubuta sunan wani. Bai yi mana zalunci ba, har haƙuri ya ba ni.

Washegari Hawa'u ta iso daga Bazaga a amalanken jaki, da ƙullin fura ta kawo wa makaniki, wai ya ji ƙarfin ɗaura pampo. Ta sami motar a kan duwatsu yadda ta bar ta. Ta dubi Mutari.

"Ina pampon?"

Ya fara zancen Kwatano da dwan da Turawa marasa amana. Ta bar shi ya kai ƙarshe. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Ishaku, kai hwaɗa mini." Na faɗa mata duka, har da wayar banki. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba, da ma ta zage shin da ya fi sauƙi. Ta ajiye furar a kan tayar motar ta ce:

"Awaki tara na saida, Mutari, har da wadda ɗiyana ka sha nononta. Da ɓarawo yaz zo da wuƙa da na yi haƙuri. Amma an tambaye ka, kac ce kai ne. To kai ne. Ku saida motar Baba, ku ba ni rabona in koma in sai akuya biyu."

Ta hau amalankenta. Ko ruwan gidan ba ta sha ba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya same ka idan ka bi matakan nan. Kada ka zo mini da kuka, kada ka aiko a yi maka shaida a jandarmari, kada ka ce in raka ka ba yayarka haƙuri, na gwada ban iya ba. Ba ni da lokaci ma, yanzu motar wani nake ja, sai ya ga dama yake ba ni hutu. Kuma idan hanya ta bi da kai ta wurin masu sayen tsohon ƙarfe a bayan tasha, ka ga suna yanka wata shuɗiyar kamyo da wuta, ka wuce abinka. Kada ka tambaye ni ta wace ce.