Kan Dogo Ya Yi Rana

"Sannu da jiƙewa, Guntuwa. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Dogo. Ya tsoro?"

Suna rakuɓe ne a ƙarƙashin wani dutse, can cikin daji inda hanyar mota ta ƙare. A gabansu ruwa ke faɗowa daga ƙololuwar tsauni, rurinsa har cikin ƙirji, amma hazo ya rufe shi ruf, ga ruwan sama ya ƙi ɗaukewa. Guntuwa mai ɗaukar hoto ce. Masu buga kalanda sun ba ta aikin wannan ruwa, gobe ta miƙa ko a ba wani. Dogo direba ne, ɗan kawunta, taubashinta tun suna rarrafe, shi ya kawo ta.

"Ni da tsoro? Gwaggo nake tausaya wa. Ta haifi 'ya, ta rasa sana'a sai neman ruwa a cikin ruwa. Da kin yi magana, ai da na kunna miki famfon gidanmu kin ɗauka. Da tsayin nan naki, shi ma tsauni ne."

"Famfon da sai an roƙe shi yake ɗigo? Riƙe lemar da kyau, kana zuba mini a wuya."

"Daga nan sama ba na hango ki ne. Ɗazu har na gaishe da wani kututture, na zaci ke ce."

"Ya amsa?"

"Ya fi ki ladabi."

Bai rufe baki ba sai iska ta kaɗa, hazon ya fara yayewa. Guntuwa ta zabura ta kafa sandar kyamara mai ƙafa uku. Ƙafa ɗaya ta nutse a taɓo, ta ja da ƙarfi, sai ji suka yi ƙaras, ta karye. A hannu kuwa hoton ba zai yi ba, hasken ya yi kaɗan, hannun kuma sai rawar sanyi yake. Ta tsaya riƙe da guntun ƙarfen, ta yi shiru.

Shirun nan ne ya tayar wa Dogo hankali. Tunda yake bai taɓa ganin bakinta ya mutu ba. Ya cire hularsa ya cusa a aljihu, ya je ya tsaya ƙyam a gaban wani dutse.

"Hau can ki ɗora kyamarar a nan. Ga kai na ba ki aro."

Ta dube shi, ta share fuska, ta haye. "Kawu ya daɗe yana cewa ba komai a ciki. Ashe ajiye mini shi ya yi."

"Yi ki gama, kada na fasa."

"Kada ka motsa. Kada ka yi numfashi."

"Har yaushe?"

"Sai na ce."

"To ki gaya wa gwaggo na yafe mata."

Ruwa na gangaro masa ta hanci, wani abu na tafiya a cikin ƙafar wandonsa, ga atishawa ta taso tun daga cibiya. Ya dantse haƙora. Ƙyas! Ƙyas! Tana ɗage kyamarar ya saki atishawar, har tsuntsaye suka tashi.

Ta sauko ta juyo masa da fuskar kyamarar. Ga ruwan nan fari sol kamar an warware yadin alawayyo daga sama, baƙin hadari a bayansa. Dogo ya daɗe yana kallo.

"A ƙasa sai a rubuta sunana."

"A matsayin wa?"

"Mai fili."

Dariya ta ƙwace mata har tana riƙe ciki. "Na yarda. Yau kam kanka ya yi rana."

"Maimaita, rurin ruwa bai bar ni na ji ba."

Ta zaro busasshen tawul ɗaya da ya rage a jakarta, ta jefa masa. "Ungo, goge shi da kyau, ka lallaɓa mini shi. Akwai wani ruwan a bayan tsaunin."