Cindo da Dangin Kalmomin Turanci

A ƙauyen Tungar Gwanda, can bakin gulbi, an yi wani mutum ana ce masa Cindo. Ba mahaukaci ba ne, ba kuma mugu ba, sai dai duk maganar da aka faɗa masa, yadda ta shiga kunnensa haka take zama, ba ya juya ta. Su huɗu ne a gida: shi, da matarsa Tasalla, da 'yarsu ƙarama Uwale, da tsohuwarsa Iya Kande, wadda takan ce an ƙara wa ɗanta yatsa a hannu, an rage masa wayo a ka. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci, Cindo ne ya fara zuwa, don ba ya son ranar da Uwale ta shiga boko ta tambaye shi abu ya yi shiru.

Wata rana Malam Sidi, mai koyar da ajin, ya cika allo da kalmomin Turanci, ya ce, "Wannan karatu sai kun shanye shi kamar ruwa kafin jibi." Cindo ya bari kowa ya watse, ya kawo ƙwarya, ya wanke allon tas, ya kafa kai ya shanye. Washegari Malam ya tarar da allo fes, karatun mako ya tafi, ga Cindo zaune leɓe fari fat da alli.

"Malam, na shanye," in ji shi. "Bai fito ta baki ba tukuna, amma tun jiya cikina yake ta Turanci."

Wata rana Malam ya rubuta kalmomi uku: cat, rat, mat. Ya ce, "Cat kyanwa, rat ɓera, mat tabarma. Kun ga wutsiyarsu iri ɗaya ce? Kalmomin da suka haɗa haruffa haka dangi ne, gidansu ɗaya." Cindo ya dawo gida ya iske kyanwa da ɓera a baki. Ya yi salati, ya ƙwace shi ya sake shi, ya ce mata, "Haba! Ɗan'uwanki?" Ya shimfiɗa tabarma a gindin rumbu, ya ɗaure ta a kai don a sasanta. Ɓeraye kuwa suka ga banza ta faɗi. Suka huda buhun gero, suka bi ta zanen Tasalla na zuwa biki. Tasalla ta kwance kyanwa ba ta nemi izinin kowa ba.

"Maigida, in dangi ne, a Turanci suke dangi," in ji ta. "Ɓerayen gidan nan Hausa kaɗai suke ji."

Wata rana aka zo kan goat, boat, coat, wato akuya, kwalekwale da kwat. Da yamma Iya Kande ta ga garken unguwa ya wuce kiwo, ta ce, "Kai Cindo, kai akuyar nan wajen 'yan'uwanta." Cindo ya ɗauko tsohuwar kwat ɗinsa ta gwanjo, ya sa wa akuya, ya ɓalla maɓallai, ya ja ta bakin gulbi ya ɗora ta cikin wani kwalekwale da ke ɗaure, ya dawo abinsa. Akuya ta cinye igiya, kwalekwale ya bi ruwa. Masunta suka hango mai kwat da gemu tsaye a jirgi, suka ɗauka babban ma'aikaci ne ya zo duba kamun kifi, har wani ya cire hula yana "Ranka ya daɗe!" Sai da babban ma'aikaci ya ce "Meee" sannan suka tuƙa nasu jiragen suka bi shi. Aka dawo wa Iya Kande da akuyarta lafiya, hannun kwat ɗaya dai ya riga ya shiga cikinta.

Wata rana, ran kasuwa, Malam ya rubuta ill, pill, kill. Ya ce, "Ill rashin lafiya, pill ƙwayar magani, kill kisa. Duk abin da ya rikice muku, ku kawo mini." Cindo ya taho yana juyayi, ashe magani da kisa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Yana shiga gida ya tarar da Uwale kwance, jikinta zafi rau, ido ya faɗa. Tasalla ta sayo wasu manyan ƙwayoyi a ƙullin leda wajen wani mai tallar magani a babur, tana shirin jiƙa ɗaya a cokali. Cindo ya yi wuf ya fizge ledar.

"Ba za ta sha ƙanwar kisa ba!"

"Maigida, don Allah yau ba ranar shirmenka ba ce," in ji Tasalla. "Dubi yarinyar nan!"

Iya Kande ta ɗaga muciya. Cindo bai tsaya ba. Abu ya rikice, kuma an ce a kawo. Ya cusa ledar a hula, ya saɓi Uwale a kafaɗa, ya zura da gudu gidan Malam, Tasalla na binsa tana kuka, mayafi a hannu.

Matar Malam Sidi, Malama Asabe, ita ce mai duba marasa lafiya a ƙaramin asibitin garin. Ta karɓi yarinya, ta kwance ledar, ta juya ƙwaya ɗaya a tafin hannu, sai fuskarta ta canza.

"Ta sha?"

"Ko ɗaya," in ji Tasalla. "Shi ya hana."

"Alhamdulillahi. Wannan maganin tsutsar shanu ne. Da ya shiga cikin yarinyar nan a yadda take, Allah kaɗai ya san abin da za mu gani."

Tasalla ta zauna kusa da 'yarta. Malama ta gwada jinin Uwale, ta ce zazzaɓin cizon sauro ne, ta yi mata allura. Kafin la'asar zufa ta karyo, yarinya ta buɗe ido ta ce tana son koko. Iya Kande, da ta iso da muciyarta, ta jingine ta a bango ta shafa kan ɗanta.

Cindo ya share hawaye da hula, ya matso kusa da Malam Sidi.

"Malam, to yaya ake cewa lafiya da Turanci? Ina so in nemo wa Uwale danginta duka."

Malam ya buɗe baki zai ce well, sai ya tuna wannan kalma ita ce kuma rijiya. Ya dubi Cindo, ya dubi rijiyar da ke tsakar gidansa, baki buɗe ba murfi.

"Cindo," in ji shi, "an tashi karatu. Ɗauki 'yarka ku je ku sha koko."