Yadda Ake Zaɓar Na'urar da Za Ta Naɗi Babanka a Faifai

Ɗan'uwa, matso kusa. Idan aka wayi gari aka ce za a nuna wani naka a talabijin, dangi kuma suka juyo suka zuba maka ido don kawai ka taɓa gyara fanka sau ɗaya, to wannan jagoran naka ne. Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa na ɗaukar maka alkawari sunanka ba zai taɓa barin bakin danginku ba. Ni da nake maka bayani, shekara uku ke nan ba a yi zaman gida an tashi ba tare da an ambace ni ba.

Ga inda na samo ƙwarewar. Babanmu direban motar asibiti ne, shekara talatin da huɗu yana jan ta kafin ya yi ritaya ya dawo da zama wurina. Wata tasha ta zo har falona ta yi hira da shi a shirinta na tsofaffin ma'aikata. Suka ce za a sa ranar Asabar ƙarfe huɗu na yamma, minti tara ne rabonsa, sau ɗaya ake nunawa, kuma ba sa ba da kwafin shirin ko waye ya aiko ka. Baba mutum ne da in ya jera jimla uku sai mu tambaye shi ko lafiya. Tunda na yi wayo bai taɓa roƙona komai ba sai ranar. Ya ce, "Babba, in da hali a sa min abin nan a faifai. Yaran nan su gani in sun girma."

Na ce, "Baba, an gama."

Mataki na ɗaya: Cafke aikin kafin wani ya buɗe baki

Kowane gida yana da mai hankali guda ɗaya da ke ɓata wa mutane shiri. A namu ƙanwata ce, Auta, wadda ke aiki a kantin magani. Baba bai rufe baki ba ta ce, "Yaya, ai mijin ƙawata yana da irin na'urar, ya daɗe yana amfani da ita. Mu roƙe shi ya ɗaukar mana."

Irin wannan magana kada ka bari ta sami wurin zama. Ka dube ta da tausayi ka ce, "Auta, babanmu za a nuna, ba baban mijin ƙawarki ba." Na san ba amsa ba ce, amma tana da nauyi, a gaban iyaye kuwa nauyi ake dubawa. Kuma ka tuna, in wani ya ɗauka ta yi kyau, shi za a yi ta sa wa albarka kana zaune.

Mataki na biyu: Guji na'urar da za ta yi maka aikin

Da ka shiga shago za ka ga wata 'yar ƙarama a kantar ƙasa mai maɓalli biyar: kunna, kashe, ɗauka, tsaya, fito da faifai. Ko kakarka za ta iya sarrafa ta. Wuce ta kamar ba ka gan ta ba. Na'urar da kowa zai iya dannawa ba ta buƙatarka, kai kuma ba don a daina buƙatarka ka fito daga gida ba.

Nemi wadda rimot ɗinta ya kai tsawon takalminka. Tawa maɓalli hamsin da uku ne da ita, na ƙirga a mota. Tana da ma'ajiya a ciki da za ta haɗiye shirin awa ɗari biyu, tana tsallake talla, tana raɗa wa faifai suna, tana da agogon da za ka ba ta rana da lokaci ka kama gabanka, ita ta farka ta ɗauka da kanta. Na sani, hirar minti tara za ka naɗa. Amma ƙwararre ba ya sayen kaya don buƙatar da ke gabansa. Yana saye ne don ranar da baƙo zai nuna wani maɓalli ya ce wannan fa na mene ne.

Mataki na uku: Kada ka bari mai shago ya koya maka komai

Wanda na tarar dattijo ne, tabarau a goshi, da ganinsa mutumin kirki ne. Irinsu sun fi haɗari. Ya ce, "Yallaɓai, wannan tana da ɗan wuyar sha'ani. Ba ni minti biyar in nuna maka yadda ake saita agogonta, nan ne mutane suke yin tuntuɓe."

Ka ji raini ko? Ga mutum biyu a bayana suna duba firji, suna jin komai. A irin wannan hali ka yi 'yar dariya ta hanci ka ce, "Maigida, ni fa tun ana kaset nake harkar nan." Ko ba ka taɓa yin komai da kaset ba sai juya shi da biro, ai harka ce.

Ya dube ni, ya sauko da tabaransa, ya ce, "To, Allah ya sa albarka." Ya liƙe kwalin ya miƙo min.

Mataki na huɗu: Faifai

Akwai wanda ake naɗa a kansa sau ɗaya, akwai wanda ake gogewa a sake, akwai mai alamar tarawa a jikinsa, akwai mai alamar ɗebewa. Kada ka kuskura ka tambayi bambancinsu. Ka ce a ba ka kowanne fakiti guda, ka faɗa da muryar wanda ke da dalili.

Mataki na biyar: Sama wa littafin bayani aikin yi

A cikin kwalin akwai wani littafi mai kauri. Ba naka ba ne, na masu shakkar kansu ne. Nawa na tokare ƙafar teburin talabijin da shi, wadda ta daɗe tana rawa, kuma wallahi har yau ban ga littafin da ya yi amfani nan take kamarsa ba.

Sai ka jawo teburin ka shiga bayansa. Za ka tarar da yanar gizo-gizo, da batir guda biyu, da cokalin shayin da aka kori 'yar aiki a kansa bara. Wayoyi uku ne, ja da fari da rawaya, ramukan kuma goma sha biyu. Ka yi ta sokawa har hoto ya fito. In matarka ta tsaya a kanka ta ce, "Baban yara, ko in karanto maka littafin?" ka ce ta je ta kunna fanka, zafi ne ke hana wayar shiga. Tawa ta kunna, ta dawo ta tsaya inda take.

Mataki na shida: Yi gwaji, amma kan abin da ka riga ka iya

Sati guda na yi ina gwaji. Na danna jan maɓalli na naɗi labarai, na naɗi tallar katifa, na naɗi wani likita yana bayani kan ciwon gwiwa har ƙarshe. Duk suka fito tas. Na kira Baba ya gani, ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla."

Abu ɗaya ne ba a gwadawa, shi ne agogon nan mai farkawa ya ɗauka da kansa. Gwada shi yana nufin ka zauna ka jira, kai kuwa mutum ne mai harkoki. Ran Laraba na zauna na shigar mata da ranar Asabar, na danna huɗu, na danna sifili biyu, wata 'yar jar fitila ta kama. Jar fitila ba ta ƙarya.

Mataki na bakwai: Hana kowa kallon shirin

Nan ne ake gane ƙwararre. Ɗan koyo zai zauna gaban talabijin ƙarfe huɗu ya danna jan maɓalli da yatsansa kamar mutumin da. To me ya sa ka sayi mai maɓalli hamsin da uku?

Ga dabarar. Auta ba ta tashi daga aiki sai biyar, tsofaffin abokan aikin Baba su biyu kuma sai bayan biyar za su iso. Sai ka tara gida ka yi sanarwa: babu mai kallo ƙarfe huɗu. Na'ura za ta kalla mana, ƙarfe shida mu haɗu gaba ɗaya mu gani a karon farko, har mu riƙa tsayar da hoton muna komawa baya.

Matata ta ce, "Ka bari ko ni kaɗai in kunna in gani, don kada a ce."

Na ce, "A ce me?"

Ta kai ido kan talabijin. Na san halinta, don haka na zare wayar wutar talabijin na naɗe na sa a aljihu, na yi mata bayanin cewa na'urar ba ta buƙatar talabijin a kunne, ita da eriya suke harkarsu. Kai ma haka za ka yi. Sannan ka ɗauki tsohon ka kai shi wurin mai aski, don ƙarfe huɗu ta same shi a kujera da tawul a wuya. Baba ya ɗaga kai ya dubi agogon bangon shagon ya ce, "Yanzu suna sawa ke nan."

Na ce, "Suna sawa, muna ɗauka."

Ya ce, "To."

Mataki na takwas: Tara mutane, iya yawan da falo zai ɗauka

Ƙarfe shida falona ya cika. Ga Auta ko kayan aiki ba ta cire ba, ga abokan Baba, ga yara jere a kan kafet, ga lemo da biskit. Baba ya fito sanye da tsohuwar hular aikinsa wadda ban san yana ajiye da ita ba, aka ba shi kujerar tsakiya.

Ka miƙe tsaye. Ka yi ɗan jawabi kan ci gaban zamani, kada ya gaza minti biyar. Sai ka mayar da wayar, ka ɗaga rimot sama kowa ya gani, ka danna.

Ratsi-ratsi ne suka cika allon, fari, rawaya, kore, ja, shuɗi, a tsaye kyam, da wani siririn fito da ba ya yankewa. Na ce gabatarwa ce. Na tura gaba. Ratsi. Na ƙara turawa. Minti talatin cif na ratsi da fito, kuma gaskiya a faɗa, hoton ya fita garau, na'urar ba ta yi ha'inci ba.

Matata ta durƙusa, ta ɗaga ƙafar teburin ta zaro littafin, ta hure shi. Ba ta daɗe tana nema ba, shafi na shida ne, an ma zagaye shi da baƙin layi. Ta karanta a hankali yadda har na bayan ƙofa zai ji: agogon na'urar har ashirin da huɗu yake ƙirga awa, ƙarfe huɗu na yamma sha shida ake danna masa. Huɗun da na danna ta asuba ce, lokacin da tashar ba ta ma buɗe ba.

Shawarar ƙwararru a nan ita ce ka ɗora wa wuta laifi, ko eriya, ko masu ƙera kayan zamani da ba sa tsoron Allah. Ni na buɗe baki zan fara, sai na dubi Baba. Yana zaune a miƙe da sabon aski, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon ratsin nan kamar mai jiran a kira sunansa. Kunyar da na ji a lokacin ban taɓa jin irinta ba, kuma ba na yi wa maƙiyina fatanta.

Mataki na tara: Zauna ka yi shiru

Wannan matakin ba ni na ƙirƙiro shi ba, samuna ya yi.

Baba ya ce, "Babba, kashe fiton nan." Na kashe. Ya cire hular ya ɗora a gwiwa, ya dubi yaran ya ce, "To ku matso in faɗa muku abin da na gaya musu."

Mutumin da ba ya jera jimla uku ya yi magana ta fi minti ashirin. Ya faɗi motar farko da aka ba shi, wadda sai an tura take tashi, majinyaci na ciki ana turawa. Ya faɗi yadda yake gane mai rai daga wanda ya cika ta hanyar shirun da ke bayan mota, ba tare da ya waiwaya ba. Abokansa suna gyara masa shekaru, yana cewa su bari, shi aka yi hira da shi. Babu wanda ya tuna da wata na'ura, duk mun saki baki muna ji.

Ya ce, "Ƙarshe suka tambaye ni, cikin duk waɗanda na ɗauka wa na fi tunawa. Na ce matata, Allah ya jiƙanta, ran da naƙudar fari ta kama ta. Likita ya ce sai yamma. Da sassafe na ɗauko ta, ko rabin hanya ba mu yi ba na ji kukan jariri a bayana. Na tsaya gefen titi. Na ce musu a duk aikina ban taɓa ɗauko kaya mai daraja irin na ranar ba."

Ya juyo ya dube ni. "Iyakar abin da na faɗa a talabijin ke nan. Wannan kuma yanzu zan ƙara: tun ranar yaron nan bai san bambancin safe da yamma ba."

Falon ya kwashe da dariya, har da shi. Ni ma na yi, amma sai da na tashi na shiga banɗaki na wanke fuska.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da zai biyo baya. Kada a neme shi kan shirin da ya wuce, ko kallon da mata za ta yi wa miji, ko ƙanwar da za ta riƙa tambayarka ƙarfe nawa duk inda kuka haɗu. Wanda ya bi matakan nan shi ya jiyo, shi zai ɗauka. In kuma tsohonka ya tashi ya dafa kafaɗarka ya ce ba komai, kada ka zo min da tambayar yadda ake jure wannan. Shekara uku nake nema, ban samo matakinsa ba.