Hoton Sarkin Ruwa

Alhaji Bagudu dillalin hatsi ne a Funtuwa, amma in ka zauna a majalisarsu sai ka rantse a cikin kogi aka yanke masa cibiya. Kakansa na wajen uwa, in ji shi, Basarke ne daga Yawuri, wanda kada ke kauce wa hanya. Shi kansa ya taɓa danne giwan ruwa da gwiwa. Kowace shekara kifin nan ƙara tsawo yake yi. Da ba'a aka fara kiransa Sarkin Ruwa, shi kuwa ya riƙe sunan hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta a bayan motarsa.

Yana da taubashi, Alhaji Ɗantani, mai sarin kanumfari daga tsibirin Zanzibar. Wata rana Ɗantani ya ce, "Bawana, zo in kai ka teku ka gaisa da talakawanka."

"Wa ye bawanka? Teku ai kogi ne da ya yi ƙiba. Mu je!"

Suka je. Ɗantani ya yi hayar jirgin masu kamun kifi don nishaɗi, irin mai kujera a baya, inda ake ɗaure mutum da ɗamara kada kifi ya fizge shi. Bagudu ya shiga da babbar riga, yana koya wa matuƙi yadda ake karanta ruwa. Tsibiri ya ɓace. Igiyar ruwa ta ɗaga jirgi, ta sake shi, tim! Cikin Bagudu ya ce ƙululu. Wainar safe ta dawo, shayi ya biyo ta. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Sarkin Ruwa ya kwanta rub da ciki, ya rungume bokiti, yana salati yana yafe wa waɗanda ba su nemi gafara ba.

Sama-sama ya ji ana ihu. Wai Ɗantani ya kamo wani kifi mai baki kamar mashi, ya fi mutum tsawo, an kuma sake shi, wai haka al'adar wasan take. Bagudu bai ga ko jelarsa ba. Bokiti kawai ya gani.

Da aka dawo gaɓa, ƙasa ta daina juyawa, sai tunanin majalisa ya faɗo masa. Ya koma hannu rabbana? Ya faki ido, ya buɗe akwatin ƙanƙara da ke cikin jirgin. Ga kifaye jere, kowanne ya kai tsawon hannu, suna sheƙi. Duk Funtuwa ba a taɓa ganin irinsu ba. Ya zaɓi babban, ya gyara hula, ya miƙa wa wani Bature da ke cikin jirgin wayarsa. Ƙyas! Ɗantani yana gefe yana kallo.

Da a waya ya bar hoton, da ya tsira. Amma ina! Sai da ya sa aka wanke shi ya kusa girman ƙofa, aka sa masa gilashi, ya kawo majalisa bayan la'asar ya jingina da bango.

"Tun hantsi muke kokawa," in ji shi, "har azahar. Ya ja, na ja. Turawa suna ta tafi."

"Kai, Sarkin Ruwa!" in ji jama'a.

Ɗantani ya sa tabarau, ya matsa kusa, ya daɗe yana dubawa.

"Bawana, wane tela ne ya yi wa kifin nan aiki?"

Aka yi caa a kan hoto. Ga shi kuwa ɓaro-ɓaro: bakin kifi a ɗinke da farin zare, ɗinki mai kyau, har da ƙulli.

Bagudu ya ce, "Ni na ɗinke shi. Cizo gare shi."

"Madalla. Cikin fa? Shi ma cizo yake yi?"

Aka duba. Ciki ma a ɗinke, ga ƙugiya ta leƙo ta ƙasa.

"Jama'a, ku yi masa uzuri," in ji Ɗantani cikin natsuwa, "lokacin da ake wannan aiki kansa yana cikin bokiti. A can, irin wannan ake ɗinkewa a jikin ƙugiya, a ja shi a bayan jirgi don babban kifi ya haɗiya. Kun san tanar da yara ke sa wa fatsa a bakin dam? To, a teku wannan ita ce tana."

Sai wani tsoho da ke kan buzu ya gyara zama, ya dubi hoton, ya dubi Bagudu.

"Wato Alhaji, ka hau jirgin sama, ka hau na ruwa, ka yi kokawa tun hantsi har azahar, da tana?"

Aka kwashe da dariya, har mai shayi ya ƙware. Bagudu ya sungumi hotonsa ya nufi mota. Ɗantani ya ɗaga murya:

"A sauka lafiya, Sarkin Tana! A riƙe ta da kyau, kada kaza ta gani!"