Ranar da Na Yi wa Motata Wankin Ciki

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanen matata a Djougou ba, ko da na so, don Sule ba zai bari ba.

Sule mijin ƙanwar matata ne, gari ɗaya muke, shi a unguwar Guéma yake zaune, ni kuma a unguwar Albarika. Dukanmu dillalan shanu ne, dukanmu muna da tsohuwar mota mai shan gazuwal, wato man dizal, tawa ma ta fi tasa kyan fenti. Amma shi da hannunsa yake gyara tasa a ƙofar gida. Ya sayo kayan gyara na hannu masu araha, ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashinta, kafin la'asar ka ji tana ruri. Shi ke nan dangi ba su da zance sai nasa. Surukarmu Hajiya duk inda za ta, motar Sule. Har matata Rabi sai da ta ce, "Kai, Sule akwai hannu!" (A gabana fa, ina cin tuwon da na sayo masararsa.) Wallahi abin yana ci mini rai.

Da biki ya matso na ce wa Rabi ta gaya wa Hajiya wannan karon ni zan kai ta. Hajiya ta amince, amma ta aiko a tambaye ni ko motar lafiyarta ƙalau. Tambayar nan ita ta tunzura ni. Na je na sayo filtar gazuwal mai sauƙin kuɗi, ni ma na shimfiɗa buhuna, a inda masu wucewa za su gan ni. Na cire tsohuwar, na ɗaura sabuwa, na murza makulli. Mota ta yi tari biyu ta yi gum.

Sai ga Sule a babur, ya kawo saƙon goro. Ya leƙa ya ce, "Yaya, ka canza filta ke nan? Ka dai yi mata purge ko?"

Na ce, "Tun ɗazu."

To ni girman Sakkwato ne, Faransancina na kasuwar shanu ne da na kantin magani. Purge ɗin da na sani shi ne wanda ake ba mutum in cikinsa ya ɗaure. Ashe a bakin masu gyara, fitar da iskar da ta shiga bututun mai ne, ɗan famfo kawai ake dannawa. Da na ce "Me ke nan?" da an wuce wurin. Amma ni in tambayi Sule? Gara in tura motar har Djougou.

Yana tafiya na zauna na yi lissafina: mota tana son wankin ciki, me ya fi fetur wanke datti? Na je bakin titi wurin masu kpayo, fetur ɗin nan na kwalba, na sayo manyan kwalabe na ɗura mata a tanki, har ina jijjiga ta don maganin ya ratsa. Da tura da addu'a ta tashi. Ranar har ƙasaita na yi wa Rabi.

Washegari Hajiya ta shiga gaba, Rabi da kwanukan biki a baya, Sule yana bin mu da tasa. Tun a hanya injin ya fara ƙwanƙwasa kamar ana daka. Hajiya ta ja carbi ta ce, "Haka take yi?" Na ce sabon kaya ne, yana zama.

Ba ta mutu a daji ba, inda babu mai gani. Sai da muka iso ƙofar gidan biki, maza sun cika tabarmi, sannan ta saki wani farin hayaƙi ta yi shiru. Hajiya ta fito tana tari. Sule ya buɗe tanki ya shinshina.

"Yaya, wa ya zuba mata esansi?" Fetur yake nufi, ita kuwa gazuwal kaɗai take sha.

Nan ne na ga damar da na daɗe ina jira, ta in kayar da shi a gaban kowa. Na ɗaga murya na ce, "Kai mana! Ba kai ka ce in yi mata purge ba? Na wanke mata ciki, ga abin da shawararka ta jawo!"

Wani tsoho ya ce, "To ta samu ta zaga kuwa?" Jama'a suka kwashe, har ango yana riƙe ciki. Rabi ta ja gyale ta rufe fuska. Abin da ya fi ƙona ni, Sule bai yi dariya ba. Tuɓe babbar rigarsa ya yi, ya shige ƙarƙashin motata ya tsiyaye tankin, mutane na tsaye suna sa masa albarka. Ni da kaina na shirya masa taron yabo, da kuɗin fetur ɗina.

Da za a koma, Hajiya ta ce da ni a hankali, "Allah ya yi albarka, ɗana," ta wuce ta shiga motar Sule.

Har yau a kasuwar shanu Likita ake kirana. Na dai koyi abu ɗaya: kalmar da ban sani ba, yanzu tambaya nake yi. Amma ba Sule ba. Rabi nake aikawa ta tambayi ƙanwarta.